Zarto mai batir: Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa

   Maganar da na zo da ita yau ta shafi wata sabuwar haja ce da ta cika rumfunanmu a 'yan shekarun nan, wato zarto mai batir da 'yan'uwansa, irin su injin huda da injin ɗaure kusa da na yankan ƙarfe, waɗanda ba sa shan fetur, ba sa jan waya, caji kawai ake yi musu kamar wayar hannu. A nawa ra'ayi haja ce mai amfani kuma mai riba, amma yadda muke sayar da ita a yanzu, mutuncinmu muke kai wa kasuwa a kan farashi mai araha.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da wani maƙwabcina a nan Buokrom, kafinta ne mai aikin rufin gidaje. Ya daɗe yana tara kuɗi don ya huta da hayar janareta duk ranar da zai hau rufi. Da kuɗin suka taru sai ya je wurin wani ɗan kasuwa da suke sahu ɗaya a masallaci, ya sayi ƙaramin zarto mai batir biyu a cikin kwali mai sheƙi. A jikin kwalin an buga 288V da manyan haruffa, ga kuma hoton wani ƙato yana datse gungumen da ya fi ganga kauri. Mako na farko maƙwabcin nan nawa har kirana ya yi in zo in ga abin mamaki. Mako na biyu batir ɗaya ya daina karɓar caji. Kafin wata ya cika na biyun ma sai ya yi yanka uku ya mutu. Da ya kai wa mai gyara aka buɗe, sai ga ƙwayoyi biyar marasa nauyi, an sake musu sabuwar riga, ƙarƙashin rigar kuwa tsofaffi ne masu tabon walda.

Ya koma wurin wanda ya sayar masa, ya ce, “Alhaji, kayan nan fa bai yi ba.” Alhaji ya ce, “Haba Malam, ai a gabanka na kunna ya tashi. Ni ma haka aka ba ni a kwali, ba ni na ƙera ba.” Maganar ta ƙare a nan, babu zagi babu faɗa. Amma daga ran nan ko ƙusa ta sidi biyu maƙwabcina bai ƙara saye a rumfar nan ba, kuma duk yaran da suka koyi aiki a hannunsa ya gaya musu. Bai san sunan masana'antar da ta haɗa batirin ba, bai san garin da take ba, ba zai taɓa sani ba. Wanda ya sani shi ne wanda ya miƙo masa kwalin. Hausawa suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Da na kawo batun a shirin da nake gabatarwa a rediyo, har lokaci ya ƙare waya ba ta daina shigowa ba, kafintoci da masu walda da manoma, kowa da irin nasa labarin, kuma babu wanda ya ambaci ƙasar Chana. Kowa sunan kasuwa yake kira da layin da rumfar take.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe hajar ce baki ɗaya. Duk wanda ya zauna a Kumasi a shekarun dumso, daga 2012 zuwa 2016, musamman 2015 da abin ya fi tsanani, ya san yadda kafinta da mai walda ke wuni a zaune suna jiran wuta. Duk wanda ya ga yadda fetur ya yi tashin gwauron zabo a Ghana a 2022, ko a Nijeriya bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023, ya san abin da janareta ke ci. Injin da za ka caja da sola, ka sa a jaka, ka hau babur da shi zuwa ƙauyen da ko turken wuta babu, ba ƙaramar ni'ima ba ce. Kuma fasahar ba ta jiya ba ce. Tun 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da injin huda marar waya, a 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom, irin wanda ke cikin wayoyinmu, sannan a 2005 Makita ya fito da jerin kayan aikinsa masu batirin litiyom na 18V. Abin da ya canza shi ne yanzu ƙananan masana'antu barkatai suna kwaikwayo, mai kyau da marar kyau duk launi ɗaya, kwali ɗaya.

To, ina ƙarko yake a irin wannan inji? Kaso mafi girma a batir yake, don haka bari mu buɗe shi. A cikin kowane batir akwai ƙwayoyi masu siffar batirin tocilan, mafi yawansu irin da ake kira 18650, wato kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6, in ta cika maƙil ta kai 4.2. Idan aka jera biyar a haɗe, sai a sami bolt 18, in an cire daga caji yanzun nan ya nuna 21. Saboda haka 18V da 20V da 21V da muke gani a kwalaye duk abu ɗaya ne, ƙwaya biyar ce, kowane kamfani da lambar da ya zaɓa ya buga. Amma 88V da 198V da 288V a kan batirin da bai fi dunƙulen hannu ba, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ɗan kasuwa ai ba a koya masa lissafi. Kafin a sami bolt 288 sai an jera ƙwaya 80, kowace ƙwaya ta ƙwarai kuwa tana da nauyin kusan giram 45. Ka ga kilo uku da rabi da ɗoriya ke nan, batir kawai, ban da inji. Wane ne zai ɗaga wannan da hannu ɗaya a kan rufi?

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da Ah ko mAh, ita ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar yadda lita ke nuna girman tanki. Ƙwayar 18650 mafi ɗauka da manyan kamfanoni irin su Samsung da LG da Panasonic ke yi, iyakarta wajen 3,500mAh, waɗanda ake sa wa kayan aiki ma galibi tsakanin 2,000 ne da 3,000, domin su ana bukatar su saki wuta da yawa a lokaci guda. Duk ƙwayar da ka ga an buga mata 9,900mAh, to ka san wanda ya buga bai ɗauke ka mai hankali ba. A nan sikeli ya fi ido gaskiya. Batir mai ƙwaya biyar na ƙwarai, da kwansonsa, ba ya kasa giram 300. Mai ƙwaya goma, wanda ake rubuta wa 4Ah ko 5Ah, yana kai wajen giram 600. In an rubuta 5Ah ka ɗora a sikeli ka ga giram 250, ba ka bukatar injiniya ya yi maka bayani. Sai kuma wani ɗan allo da ke cikin batir ko cikin injin, wanda aikinsa shi ne ya yanke wuta in zafi ya yi yawa, ko caji ya cika, ko ƙwaya ta kusa ƙarewa. Shi ne mai gadin batir, kuma shi masu haɗa na bogi ke fara ragewa, domin mai saye ba ya ganinsa.

Bayan batir sai injin ciki. Iri biyu ne, akwai mai kabon da marar kabon. Mai kabon ya fi araha, kabon ɗin yana cinyewa, amma kowane mai gyara a Suame ko a Bawku zai canza maka shi. Marar kabon ya fi ƙarko, ya fi tattalin batir, sai dai in allonsa ya ƙone kuma babu wani a kasuwa, inji ya zama abin tokare ƙofa. Gane su ba wuya: kunna injin ka leƙa ta tagar iska, in ka ga tartsatsi to mai kabon ne, ko da me aka rubuta a kwali. Haka nan wayar kwayil, akwai ta jan ƙarfe zalla, akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, in ka kankare sai ka ga fari. Ta biyun ta fi saurin zafi da ƙonewa. Sai giya, akwai ta ƙarfe akwai ta roba. Ta roba za ta huda katakon wawa lafiya ƙalau, amma ranar da ta haɗu da odum ko busasshen maɗaci, haƙoranta ne za su zube. Duk waɗannan ana ganinsu da sukudireba ɗaya cikin minti goma. Abin takaici, mutum zai sayi kwali hamsin bai buɗe cikin ko guda ɗaya ba, alhali ko buhun masara ba ya saye sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar. Cinikin biri a sama ke nan.

Shi zarto kuma yana da nasa ƙarin abubuwa. Sarƙarsa tana gudu ne a kan harshen ƙarfe, kuma dole mai ya riƙa sauka a kanta, in ba haka ba ta yi zafi, ta saki, ta dakushe. Manya suna da ɗan famfon mai a ciki. Gwajinsa shi ne ka kunna zarton ka nuna bakinsa ga farin kwali, in ka ga ɗigon mai ya fantsama to famfon yana aiki. Ƙananan nan masu inci 4 da inci 6 da yawansu ba su da famfo, da hannu ake ɗiga man, kuma ba kasafai mai sayarwa ke gaya wa mai saye ba. Akwai kuma birkin sarƙa, wanda ke tsayar da ita nan take in bakin zarto ya daki wani abu ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Zarton da ba shi da birki ko murfin kariya, a hannun yaron da bai taɓa riƙe zarto ba, maganar ta wuce ta asarar kuɗi, ta koma ta yatsa da fuska. Ka tambayi kanka, in ɗanka ne zai hau bishiyar mangwaro da shi, wanne za ka ba shi?

Wani babban algus da ake yi ba a cikin injin yake ba, a bakinmu yake, wato sayar da inji don aikin da ba nasa ba. Mu sake yin lissafi. In ka ninka bolt da Ah za ka sami yawan ƙarfin da ke cikin batir. Batirin 18V mai 2Ah yana da 36, ma'ana zai iya ba da wat 36 na tsawon awa ɗaya. Zarton da ke jan wat 500 a cikin itace zai shanye wannan cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙu na yanka ba tsayawa. Minti huɗu yanka ne mai yawa ga mai sassabe reshen kashu a Sampa, ko mai gyaran gonar koko, ko kafinta mai datse kan katako a rufi. Amma ba kome ba ne ga mai son kada bishiya. Zarton da masu aikin daji suka saba da shi, irin Stihl 070 na Jamus, injinsa ya kai girman na babur Boxer. Wanda ya nuna wa baƙauye hoton gungume a kwali ya ce masa wannan ɗan abin zai yi aikin wancan, ya cuce shi, ko da batirin na ƙwarai ne. Inji mai kyau ma in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, mutuwa zai yi, sannan a ce ba shi da ƙarko.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai doka a kan zarto a ƙasar nan, kuma ya kamata mai sayarwa ya santa. Tun 1998 dokar Ghana ta hana tsaga gungume da injin zarto don a sayar da katakon, ta kuma wajabta yi wa injin rajista a majalisar gunduma, kuma ƙa'idojin da aka sabunta a 2017 ba su ɗage haramcin ba. Duk da haka binciken da masana na Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Fumesua, kusa da Kumasi, suka fitar a 2010 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na katakon da ake sayarwa a kasuwannin cikin gida daga irin wannan yanka yake fitowa. A arewa kuwa, inda akasarin masu karatuna suke, kaɗanya da ɗorawa da madobiya su ne abin ji, kuma kowa ya ga yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi har gwamnati ta sha hana fitar da ita. Zarto mai batir ba ya ƙara kamar na fetur, ba a jinsa daga nesa. Mu sayar da shi a matsayin kayan gyaran gona da na kafinta, kada mu tallata shi a matsayin abin shiga daji a ɓoye.

Sannan akwai yanayin ƙasarmu, wanda shi ma yana cin inji. Batirin litiyom ba ya son zafi. Masu yin sa suna gargaɗin kada a caja shi in zafinsa ya haura digiri 45, a Bawku da Paga kuwa a watan Maris da Afrilu iskar gari kanta tana wuce digiri 40, balle cikin kwantenar ƙarfe da rana tsaka, balle saman motar kaya da ta kwana biyu a hanya daga Tema ko Lome. Batirin da aka ajiye a cike cikin zafi yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, wanda aka bari ya sauka ƙasa ƙwarai na watanni kuma yana iya ƙin tashi har abada. Ma'ana, wani lokaci ba masana'anta ce ta kashe batirin ba, a kan kantarmu ya mutu. Ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga tagar iska ta ci boris. Ga haɗarin barin batir a caji a rufe rumfa a tafi gida. Mu da muka ga gobarar Kejetia a watan Maris na 2023 da ta Adum a watan Maris na 2025, ba ina cewa batir ne ya haddasa su ba, amma mun san abin da wuta ke yi wa kasuwa cikin awa guda. Batir marar mai gadi a kan caja marar suna, cikin dare, a tsakiyar kwalaye, bai kamata ya bar mutum ya yi barci ba.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an faɗa mini a fuska: “Malam, kai ɗan jarida ne, ba ka san kasuwa ba. Talaka ba shi da kuɗin na asali. In na kawo mai tsada zai shekara a rumfa, maƙwabcina kuwa yana sayar da mai araha kamar ƙosai.” Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma ban ce kowa sai ya sayar da Makita ko Bosch ba. Ban kuma ce kayan Chana ne matsala ba, domin Makita da Bosch da Stihl duk suna da masana'antu a can. Duk wanda ya taɓa zuwa Gwanzu ko Yiwu ya san cewa iya kuɗinka iya shagalinka, akwai na ɗaya, akwai na biyu, akwai na uku, kuma mai odar ne ke zaɓa, har abin da za a buga a kwali. Akwai kuma masu matsakaicin farashi da ke da wakilai da kayan gyara a ƙasar nan, waɗanda batir ɗaya ke shiga injunansu da yawa. Araha ba laifi ba ce. Laifin shi ne a sayar da na uku da sunan na ɗaya. Ka ce wa mutum, “Wannan na ƙaramin aiki ne, in ka lallaɓa shi zai kai ka wani lokaci, wancan kuma ya fi shi tsada amma akwai batirinsa da sarƙarsa,” sannan ka bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe. In ya ɗauki mai arahar ya mutu, kansa zai zarga, kuma wurinka zai dawo ya sayi mai kyan.

Shi ma mai sayen ya kamata a taya shi lissafi. A ce inji na sidi 400 yana wata huɗu, na sidi 1,000 kuma yana shekara biyu. Cikin shekara biyun nan mai son araha zai sayi shida, ya kashe sidi 2,400, ban da ranakun da ya rasa aiki da kunyar da ya sha gaban mai gida. Araha ba ta ado. Kuma ƙarko ba ƙin lalacewa ba ne, babu injin da ba ya lalacewa. Ƙarko shi ne in ya lalace a sami abin gyara. Abin da ya raya Suame Magazine ke nan, inda dubun-dubatar makanikai ke tayar da motar da a Turai an daɗe da jefar da ita. Abin da ke sa kafintocin Sokoban, da aka taso daga Anloga, ke riƙe tsohon inji shekara da shekaru ke nan. Injin da batirinsa ba ya shiga na kowa, sarƙarsa ba ta da lamba, kamfaninsa ba shi da adireshi, ba sayar da shi ka yi ba, haya ka ba mutum ta 'yan makonni a kan kuɗin saye.

Mun taɓa ganin irin wannan. Lokacin da fitilun sola da na caji suka fara shigowa, na banza suka cika kasuwa, mutane suka saya suka yi kuka, har ya zama mai kyan ma ba a yarda da shi. Don magance irin wannan ɓacin kasuwa ne shirin Lighting Africa, wanda Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2007 aka kuma fara gwada shi a Kenya da Ghana, ya sa gwajin inganci a gaba, domin mai saye ya san abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Darasin shi ne mugun kaya ba mai shi kaɗai yake kashewa ba, yana kashe kasuwar hajar gaba ɗaya. In muka bari mutanen ƙauye suka yanke hukuncin cewa duk inji mai batir yaudara ce, to mun rufe wa kanmu ƙofar da za ta ciyar da mu shekara ashirin.

Kuma mu tuna su wane ne mu. Kakanninmu fatake sun yi watanni a ƙasa daga Kano zuwa Salaga saboda goro, daga baya suka gangaro Kumasi suka kafa zangon da muke ciki. Alhassan Ɗantata kansa da fataucin goron Gwanja ya fara kafin ya shahara da gyaɗa a Kano. Ba su da rasit, ba su da banki, ba su da lauya. Jarinsu shi ne in Bahaushe ya ce huhun nan babu sankara a ciki, to babu. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kayan da ya tarar da aibi a ciki. Dokar Cinikin Kaya ta Ghana ta 1962 ma haka ta tanada, cewa kaya su dace da yadda aka siffanta su, kuma kada su zo da aibin da ba a bayyana ba. “Ni ma haka aka ba ni” ba hujja ba ce ga wanda ya iya buɗewa ya duba amma ya ƙi.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, duk sabon samfurin da za ka saro, sayi guda ɗaya tukuna, ka kai wa mai gyara ya buɗe a gabanka, ka ba wani kafinta ya yi mako biyu yana aiki da shi. Na biyu, ajiye ƙaramin sikeli da mitar gwada wuta a rumfa, kuɗinsu bai kai ribar inji ɗaya ba. Na uku, kada ka kawo inji sai da batirinsa na canji da caja da sarƙa da kabon da magagarin wasa sarƙa, ribar da ke cikin waɗannan ma ta fi ɗorewa. Na huɗu, gwaji ya zama a kan itace, ba a iska ba, ka ajiye guntun katako mai tauri a bakin rumfa, kowa ya yanka ya gani. Na biyar, ka rubuta rasit da garanti ko na wata ɗaya ne, kai ma ka nemi irinsa daga dilan da ya ba ka, in ya ƙi to ya gaya maka ra'ayinsa game da kayansa. Na shida, ajiye batura a inuwa da rabin caji, ka riƙa duba su duk bayan 'yan watanni, kuma kada a bar caji a rumfa da dare.

Ina kuma kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana da jami'an kwastan a Tema da kan iyakoki, su sani cewa kwalin da aka buga wa 288V ya kama kansa da kansa, ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango su sa baki kamar yadda suke sa wa a rikicin mudu da sikeli. Matasanmu masu gyaran waya a Aboabo da Asawase da Alabar kuma, ga sana'a ta zo har gida: koyon sake wa batir ƙwayoyi na ƙwarai da gyaran allonsa, maimakon a zubar da shi a bola ko a kwata.

Daga ƙarshe, maƙwabcin nan nawa ya sake tara kuɗi ya sayi wani injin a wata rumfar, inda mai ita ya ɗora masa batirin a sikeli, ya kuma gaya masa ƙarara abin da injin ba zai iya ba. Ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba, amma har yau yana hawa rufi da shi, kuma ya kai wa mai rumfar abokan aikinsa uku. Alhajin farko kuwa har yanzu suna sahu ɗaya, suna gaisawa, sai dai ciniki ya ƙare. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu halali mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, amin.